An ci ladan kuturu, ina askin?

Goggona ta fi shekara talatin tana sayar da koko da ƙosai a bakin wani lungu cikin zangon Kumasi. A ƙarƙashin teburinta akwai wani tsohon gwangwanin madara da murfinsa ya lotse, a cikinsa kuma baƙar leda ce an naɗe ta sau uku. Nan take ajiye abin da take kira kayan faɗa: takardar shaidar lafiya mai hotonta a manne, rasit na shekara, da tarin ƙananan tikitin da ake yanka mata kullum, wasu duk man ƙosai ya jiƙa su har rubutun ya ɓace.

Wata safiya ina zaune a kan bencinta ina shan koko sai ga tankas cikin kakinsa. Tankas shi ne wanda 'yan uwanmu na Najeriya ke kira duba-gari. Ya gaishe ta da ladabi, ta sunkuya ta jawo gwangwanin, ta warware ledar ta miƙa masa takardar. Ya duba kwanan wata, ya dubi hoton, ya dubi fuskarta, ya mayar mata, ya yi gaba. Taku biyu daga bayanta kwata ce a toshe, ruwanta ya yi kore. Kusa da ƙafarta ga bahon da ake ɗauraye kofuna tun asuba ba a sake ruwansa ba. Ko ɗaya bai kalla ba.

Na ce, "Goggo, nawa kika biya takardar bana?" Ta faɗa mini. Na ce, "Bara fa?" Ta faɗi abin da bai kai haka ba. Na ce, "To wa ya ƙara?" Ta ce, "Su." Na ce, "Su wa?" Ta ɗaga ludayi ta ce, "Kai dai sha kokonka kafin ya huce, ɗan nan."

Waɗannan "su" ɗin suna da suna, suna da ofis, kuma doka ta faɗi yadda za su yi aikin. A Ghana majalisun ƙananan hukumomi, waɗanda muke kira asambili, su ke yanke kuɗin lasisi da na dubawa, kuma akwai irinsu 261 a ƙasar. Dokar ƙananan hukumomi ta 2016, wato doka mai lamba 936, ita ta ba su wannan iko. Kowace shekara ma'aikatan kasafi da na kuɗi sukan tsara jadawali bisa jagorar da ma'aikatar ƙananan hukumomi ke bayarwa, a kira taron jin ra'ayin 'yan kasuwa da masu sana'a, sannan zauren majalisa ya zartar, a buga a jaridar gwamnati ya zama doka. A cikin wannan jadawalin ne ake samun kuɗin lasisin gidan abinci, na mahauci, na mai gidan wanka da bahaya na haya, na mai ruwan leda, har da na binne gawa. Kuma tunda aka yanki Asokore Mampong daga Kumasi a 2012, inda Aboabo da Asawase suka faɗa, sannan a 2018 aka ƙara fitar da Oforikrom, Suame, Tafo, Kwadaso da Asokwa, garin da muke ɗauka ɗaya ne ya zama yana da jadawali iri-iri. Mai waina da ta ƙaura daga wannan gefen titi zuwa wancan tana iya faɗawa ƙarƙashin wani farashi dabam ba ta sani ba.

Ra'ayina a kan wannan lamari ba shi da tsawo. Kuɗin dubawa ladan aiki ne. A yanke shi gwargwadon abin da dubawar ke ci, kuma wanda ya biya ya ga an duba shi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abin da na gani a bencin Goggo shi ne an karɓi ladan, an ba kuturu rasit, aska kuwa ba ta fito daga kube ba.

Mu 'yan zangon Kumasi muna da dalilin da ya fi na kowa na sa ido a kan wannan. A 1924 annobar nan da ɓeraye ke yaɗawa ta faɗa wa garin, kuma zango na cikin wuraren da ta fi yi wa ɓarna. Turawan mulki suka rushe gidaje, suka gina wasu sababbi aka mayar da mutane, sannan a 1925 suka yi dokar kafa hukumar lafiyar jama'a ta Kumasi. Wannan hukumar ce ta riƙa tafiyar da garin, tana karɓar kuɗi tana kwashe shara, kafin ta rikiɗe ta zama majalisar gari. Ke nan mulkin birnin Kumasi na zamani daga maganar tsafta ya tsiro, kuma a ƙofar gidajen kakanninmu ya fara gwada ƙarfinsa. Sunan tankas kansa daga sunan majalisar gari na Turanci bakinmu ya lanƙwaso shi. Tsofaffi har yau suna ba da labarin yadda tankas kan shigo gida da dogon ludayi ya zura cikin randa, in ya ga ƙwayayen sauro sai sammaci, shi ya sa ma ake yi masa laƙabi da saman-saman. Akwai cin fuska da wulaƙanci a cikin wancan zamani, ba na kewarsa. Amma abu ɗaya ba a musu: mutumin yana buɗe randar. Na yau an mayar da shi mai duba kwanan wata.

Ba laifin yaron da ya zo wurin Goggo nake gani ba. Waɗannan ma'aikata sun yi karatu, akwai makarantun koyon aikin tsafta a Akra da Ho da Tamale, sun san yadda ake gane naman da ya juya da ruwan da bai kamata a sha ba. Matsalar tana can inda aka yanke kuɗin. Majalisa tana da abin da take kira kuɗin shiga na cikin gida, kuma kowace shekara akwai adadin da ake so a tara. Da zarar an sa kuɗin takardar lafiya cikin layin abubuwan da za su cike wannan adadi, tambayar da za a yi wa ma'aikaci ranar Juma'a ta sauya. Ba wanda zai tambaye shi kwata nawa ya sa aka yashe. Za a tambaye shi mutum nawa suka yanki takarda. Kowane ɗan Adam kuwa abin da za a tambaye shi shi yake yi. Kuɗin ya shiga babbar tukunya, ya tafi man mota da alawus na zama, shi kuma ma'aikacin ya ci gaba da yawo a ƙasa cikin rana yana shan zagin mata masu abinci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na san abin da mutanen majalisa za su ce, kuma ba ƙarya za su yi ba. Tsarin mulkin 1992 ya ce a ware wa ƙananan hukumomi abin da bai gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa ba, amma kowa ya san wannan kaso yakan makara, wani lokaci da watanni. Shara kuwa ba ta jiran Akra ta turo kuɗi. Ga tsadar kaya: a Disamban 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100. Kuɗin da aka yanke a farkon waccan shekarar, kafin ƙarshenta ya zama bai fi sayen kashi biyu cikin uku na abin da aka yi niyya ba. Saboda haka masu cewa kada a taɓa ƙara ko fesuwa ɗaya, ko a soke kuɗin baki ɗaya, ban bi su ba. Goggo da kanta ta ƙara kuɗin koko fiye da sau ɗaya a wannan tsakanin, don gero da wake da mai sun tashi. Bambancin shi ne in ka tambaye ta dalili za ta lissafa maka: ga kuɗin kwanon gero, ga na niƙa, ga na gawayi. Irin wannan lissafin nake nema daga majalisa.

Kuma lissafin ba gagara-badau ba ne. Ma'aikata nawa ne a sashen tsafta? Wuraren abinci nawa ne a yankin? Sau nawa a shekara ya kamata a je kowane ɗaya? Nawa ne man babur na zagaye guda, nawa ne safar hannu da abin auna zafin abinci da kwalaben ɗibar ruwa a kai gwaji? A tara, a raba, a rubuta a shafi ɗaya a manna a jikin jadawalin. Albashin yawancin waɗannan ma'aikata daga gwamnatin tsakiya yake fitowa, don haka bai kamata a sake ɗora wa mai ƙosai shi ba. In lissafin ya nuna kuɗin da ake karɓa bai isa ba, a ƙara, mu gani da idonmu mu yi shiru. In ya nuna ya wuce abin da aikin ke ci, to ragowar haraji ce, sai a kira ta da sunanta, a kai ta inda ake muhawarar haraji. Ɓoye haraji a cikin rigar lafiya shi ke sa mutane su ɗauki duk maganar tsafta dabarar cin kuɗi ce, har ranar da za a zo musu da gargaɗin gaske su ƙi ji.

Wannan ranar kuwa tana zuwa. A 2014 kwalara ta kama fiye da mutum 28,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 240, mafi yawa a Akra, kuma a unguwanni masu cunkoso irin namu. Bayanta ne aka ƙirƙiro ranar tsafta ta ƙasa a Asabar ɗin farko ta kowane wata. A ƙarshen 2024 ta sake ɓullowa a yankin Ada ta bi gaɓar teku. Kwalara ba ta karanta takarda. Ta ruwa take bi, da hannu, da ƙuda, da bahon ɗauraye kofuna.

Nan ne nake da ja da ita kanta takardar. Abin da ake yi shi ne sau ɗaya a shekara a tara masu abinci, sau da yawa a ƙarƙashin rumfa, wani ɗakin gwaji da aka ba kwangila ya ɗebi jini, mafi yawa don neman taifot, a biya, bayan kwanaki a karɓi kati. Dokar lafiyar jama'a ta 2012 da dokokin majalisu sun yi daidai da suka hana mai cuta mai yaɗuwa taɓa abincin mutane. Sai dai gwajin jini na ranar Talata ba ya cewa komai a kan ranar Laraba, balle wata goma sha ɗaya da ke gaba. Gwajin taifot na jini da aka fi yi a ƙasashenmu, likitoci da kansu sun daɗe suna cewa yakan nuna cuta ga wanda ba shi da ita, musamman a wurin da mutane da yawa suka taɓa kamuwa a baya. Ga shi kuma a kan kai ake yanke kuɗin. Goggo tana da yarinya mai tuya da mai kai wa mutane, ke nan kai uku za ta biya wa daga tukunyar koko ɗaya. Abin da yakan faru kowa ya sani: uwar ɗaki ta yanki tata, yaran da hannunsu ke cikin ƙullu kuwa in an hango kaki su zame ta lungu. An sami kuɗi, an sami kati, wanda ya fi taɓa abincin ba a san da shi ba.

Da ni ake shawara, da sai in ce a rage nauyin da aka ɗora wa katin, a mayar da shi kan ziyara. Ƙaramar mai sana'a ta biya kuɗi ɗaya na teburinta wanda ya haɗa da masu taimaka mata, a rubuta a bayan rasit ɗin sau nawa za a zo duba ta a shekara, kowace zuwa ma'aikaci ya sa hannu ya rubuta abin da ya gani. Otal mai kicin uku da firiza da ma'aikata ashirin, wanda duba shi kan ci rabin yini, ya biya na rabin yini. Teburin koko da ake gamawa da shi cikin kwata na awa ya biya na kwata na awa. Jadawalin majalisu ya riga ya kasa gidajen abinci aji-aji wajen lasisin kasuwanci, saboda haka ba sabon abu nake kawowa ba, faɗaɗa shi kawai nake so. Kuma girma kaɗai bai isa ma'auni ba. Mai fura da nono da mai burkina, da ke sayar da abu mai sanyi wanda ba a sake dafa shi, sun fi mai tuya buƙatar ido, duk da jarinsu bai fi nata ba. Irin waɗannan a yawaita zuwa wurinsu ba tare da an ninka musu kuɗi ba, gibin a cike shi daga aljihun jama'a, domin cikin jama'a ake karewa.

Mahautanmu sun fi kowa fahimtar abin da nake nufi. Wanda ya kai saniya mayanka a Kaase yana biya a kan kowace dabba, ana duba ta kafin yanka, a duba hanta da huhu bayan an feɗe. In an ga abin da bai yi ba a hana shi fita da shi. Zai yi gunaguni, zai ce kuɗin ya yi yawa, amma ba zai ce bai san abin da ya saya ba.

Sai maganar wanda ke karɓar kuɗin. Mai dubawa kada ya taɓa kuɗi, ko na lasisi ko na tara. Hannun da ke iya rufe maka sana'a in shi ne kuma ke karɓa, an buɗe ƙofar "to yaya za mu yi?" Majalisu da yawa suna amfani da masu karɓa da ake biya kamasho, kuma rahoton babban mai binciken kuɗi na ƙasa kusan kowace shekara yana kawo labarin kuɗin da aka karɓa a ƙananan hukumomi bai isa asusu ba. Yau da mai sayar da albasa ke karɓar MoMo, wato kuɗin da ake turawa ta waya, ban ga abin da zai hana a biya ta waya saƙo ya shigo a matsayin rasit ba. Tara kuma kada a sa mata adadi a kasafi. Wanda aka ce lallai ya kawo tarar kuɗi kaza kafin Disamba, addu'arsa ita ce kada unguwa ta gyaru.

Yanzu bari in juyo gida, don nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Doka mai lamba 936 ta ba mazauna yanki damar sa baki a harkokin majalisa, kuma taron jin ra'ayi kan kuɗaɗe ana yin sa kafin a zartar da kasafin shekara mai zuwa. Na taɓa shiga irin wannan taro sau ɗaya, wani aboki mai shagon ɗinki ya ja ni. Masu gyaran gashi sun zo da shugabarsu da takarda a hannu. Teloli sun zo. Direbobi sun zo, suka yi ta ja-in-ja a kan kuɗin tasha har aka sassauta musu. Aka zo layin masu dafa abinci, mai karantawa ya karanta da Turanci, ya maimaita da Asantanci, ya ɗaga kai ya dubi zauren. Shiru. Aka wuce. Duk matan da ke ciyar da rabin garin nan da koko da waina da shinkafa da wake da tuwon zafi, babu ko ɗaya a ɗakin. A daidai wannan lokacin suna bakin murhu. Bayan wata uku kuma, ranar da mai karɓa ya zo da sabon farashi, a tare shi da masifa, a tara masa jama'a. An bar jaki ana dukan taiki.

Rabin laifin na masu kiran taron ne, da suke aika wasiƙa ga ƙungiyoyi masu rajista su sa shi da ƙarfe tara na safe. Wanda yake son jin ta bakin mai koko ya san ba ta da wasiƙa, kuma ba ta sauke tukunya kafin goma. Sanarwa a masallatan Juma'a da gidajen rediyon da ke magana da Hausa ba ta cin komai. Fassara shafi biyu na jadawalin da suka shafi masu abinci zuwa Hausa a manna a bakin kasuwa, shi ma ba ya cin komai. Amma ɗaya rabin namu ne. Muna da sarakunan zango, muna da sarkin fawa, muna da magajiyoyi waɗanda in biki ne cikin yini ɗaya za su tara mata ɗari da anko iri ɗaya. Muna da 'yan asambili da muka zaɓa, don kashi 70 cikin 100 na zauren zaɓaɓɓu ne, sauran shugaban ƙasa ke naɗawa. Muna nemansu in an kama yaro ko ana rabon shinkafar azumi. Ban taɓa jin wanda ya tare ɗan asambili ya ce masa, "Honarabul, da aka zo kan kuɗin takardar masu abinci, me ka ce?" ba. Ni ma sai bana na yi.

Da na tambayi ɗan asambilinmu sai ya yi dariya, ya ce ni ne mutum na farko da ya taɓa yi masa wannan tambayar, kuma gaskiya jadawalin yana da kauri, ranar zartarwa ba kowa ke bin sa layi-layi ba. Na gode masa da bai yi mini ƙarya ba. Na ce to in lokacin taron bana ya yi ya sanar da mu, akwai masu zuwa. Ya ce zai tura a WhatsApp.

Na koma na gaya wa Goggo. Ta ce in dai bayan goma ne za ta je, da gwangwaninta, kuma za ta ja mai waina da mai fura na layinsu. Na ce me za ki ce musu? Ta ce tambaya biyu gare ta: da wannan kuɗin sau nawa za a zo a duba ta, kuma kwatar da ke bayanta aikin wa ce, tunda ita ta sha kwashewa ruwan sama na dawo da ita daga sama. Sai ta tuna wayarta mai maɓalli ce, ba ta WhatsApp. Lambata na ba shi.